Ina Suka Kai Ƙasar?

Wata Asabar a bazarar da na cika shekara tara, Baba ya ɗauke mu daga unguwarmu Plumstead, ni da kakana Malam Habu, zuwa wani tsohon dandali a bakin wata hanyar ruwa a arewacin Landan. Ba yawon shan iska ba ne, lallashi ne. An kawo Kaka don a cire masa yanar ido, amma mako uku a hawa na shida na benen da muke zaune sun ishe shi. Ya daina taɓa tuwo, ya ɗaure jakarsa, ya ce a mai da shi Wudil da makantarsa, ya gaji da garin da ƙafa ba ta taka ƙasa. Saura kwana biyar a yi aikin.

A tsakiyar dandalin akwai mutum-mutumin tagulla riƙe da shebur, da allon rubutu a gindinsa. Na fassara wa Kaka da gurguwar Hausata cewa an kafa shi ne don tunawa da leburorin da suka haƙa hanyar ruwan da hannu. Ya ce ƙarya nake yi, kogi ai Allah ke haƙa shi. Sai da Baba ya ja shi bisa gada ya ƙirga faɗin da takunsa, sannan ya yarda ya dawo, shi da ko hoto ba ya so, ya dinga shafa yatsun mutumin nan da kafaɗarsa. A ranar na san cewa shekara arba'in ya yi yana haƙar rijiya. Can ya ɗago ya ce, "To, ina suka kai ƙasar?"

A garinsu, in ji shi, kowane kududdufi da gidajensa, ƙasar ramin ce ta zama katangun unguwa. Allon bai faɗa ba, Baba ma ya yi ta sosa ƙeya. Ni kuwa tambayar ta hana ni sukuni. Na dami malamarmu har ta gaji ta tura ni laburare. Ranar Laraba na hau bene da gudu na gaya wa Kaka: wata ƙasar an tayar da gaɓa da ita, wata an gasa ta an yi bulo, wataƙila har da na gadar da ya taka. Baba ya tambaye shi a hankali, "Baba, aikin goben fa, in yi cancel, a fasa?" Kaka ya ce, "Bari. Sai na ga bulon nan da idona."

Ya kuwa gan shi, ya ce ya fi na Wudil ja amma bai fi shi kyau ba.

Kaka ya daɗe da rasuwa, kuma ina kewarsa. Yanzu dandalin ya cika da masu sayar da kofi, yara na rataya rigunan sanyi a kan shebur ɗin. Nakan kai 'yata, wadda nake yi wa Hausa tana mayar mini da Turanci. Har yau ba ta tambaye ni inda aka kai ƙasar ba, ina nan ina jira.