Wata Bakwai na Intisar a Mosul

Duk wanda ya taɓa aski a layin bayan tashar Samsun ya san Ganim, mutumin Mosul da ake kira Abu Zuhair. Ban taɓa ganin mai tsoron takarda irinsa ba. Shekara takwas yana Turkiyya, izinin zamansa bai taɓa ƙarewa a aljihunsa ba ko na kwana ɗaya. Duk shekara shi da matarsa Intisar su ɗauki hoto, su bi layi, su sabunta, har ma'aikatan ofishin baƙi suka gane tarinsa. Burinsu ɗaya ne, katin zama na dindindin, wanda ake ba wanda ya cika shekara takwas ba yankewa.

A shekara ta bakwai mahaifiyarsa, Hajiya Wadha, ta zame a banɗaki can Mosul, ƙugu ya karye. Shi kaɗai ne ɗan da ya rage mata, shi ya kamata ya tafi. Sai ya hau kame-kame, wai shago, wai abokan ciniki za su watse. Intisar ta ɗaure kayanta ta tafi.

Ganim kuwa ya san wani abu da ba ta sani ba. Wani mai cike wa baƙi takardu ya faɗa masa, yana kan kujerar aski da kumfa a haɓa: "Abu Zuhair, ka kiyaye. Duk wanda ya wuce wata shida a waje, shekarunsa sun goge, sai ya faro daga ɗaya."

A wata na biyar Intisar ta kira shi.

"Hajiya ta fara takawa da sanda, amma ba ta iya wanka da kanta. In dawo, ko in ƙara? Ba matsala a takarduna ko?"

Idan ta dawo, shi zai tafi, shagon ya rufe.

"Wace matsala kuma, Ummu Zuhair? Ke dai akwai ki da tsoro! Yi zamanki."

Ta yi wata bakwai cur tana ɗaga uwar wani tana kwantarwa, sannan ta dawo.

Ranar da mai kawo wasiƙa ya miƙo masa katinsa na dindindin, wallahi kunya ce ta rufe shi, ba murna ba. Intisar ce ta yi guɗa. Ta naɗe dolma, shinkafar da ake naɗewa a ganyen inabi, tukunya guda, ta raba wa maƙwabta, tana ce musu nata yana hanya. Kullum da hantsi ta leƙa ta taga ta tare mai wasiƙa, "Ɗan'uwa, ba nawa?" Shi kuma Ganim, da ya san ko neman nata bai shigar ba, sai abinci ya daina wuce masa. Ya rame. Har kunnen wani tsoho ya yanka da reza, abin da bai taɓa yi ba.

Kwana ashirin ya jure. Ranar wata Juma'a tana wanke kofunan shayi ya tsaya a bayanta ya faɗa mata komai, ba ado. Shekarunta bakwai sun tafi, za ta ci gaba da bin layi duk shekara, kuma duk shekarar da aka ƙi sabunta mata, sai ta bar ƙasar.

Ta rufe famfo.

"Lokacin da na kira ka, ka sani?"

"Na sani."

Ya so ta zage shi, ko ta jefe shi da kofi, da ya fi masa sauƙi. Sai ta goge hannunta a hankali ta dube shi.

"Haba Abu Zuhair. Da ka faɗa mini, wallahi da na zauna. Hajiya ai uwata ce. Abin da zan ba ka hannu biyu, shi ka tsaya ka sata?"