Tarihin Malama Lantana Gubuchi, Mai Koyar da Lissafi da Rake

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Lantana a Gubuchi cikin shekarar 1936. Mahaifinta Malam Sada manomin rake ne, mahaifiyarta kuwa Huseina. Ta yi elementare a Makarfi, ta sami horon malanta, ta fara koyarwa a 1956.

Aure

A 1957 ta auri Malam Tukur na Likoro, ma'abocin littattafai, wanda iliminsa bai taɓa cika rumbu ba.

Aiki

A 1962 aka tura ta Kurmin Kogi, inda ta gaji aji uku. Yaran sun haddace jadawalin sau kamar waƙa, amma idan aka tambayi ɗayansu bakwai sau takwas, sai ya faro daga bakwai sau ɗaya, ya ɓace a hanya. Sufeton makarantu ya ba ta wa'adin shekara guda, ko su gyaru ko a sallame ta.

Hedimasta Ya'u ya ba da shawarar bulala, wadda ta inganta gudun yaran ƙwarai. Aka gwada ƙirga da tsakuwa, tsakuwar ta ƙare a danƙon harbin tsuntsu. Daga bisani ta ɗauko raken mahaifinta: takan yi tambaya ta ɗaga wuƙa, wanda ya amsa kafin ta sare gaɓa shi ke sha. Cikin wata huɗu har daƙiƙin ajin ya daina ƙirga yatsu.

Sufeto ya dawo a Yulin 1963, lokacin da rake bai nuna ba. Ya yi tambaya, ajin ya yi tsit, domin yaran ba su saba amsawa kyauta ba. Malama ta zaro wuƙarta ta ɗaga bisa karan dawa, nan take aji ya amsa da murya ɗaya. Sufeto ya rubuta a rahotonsa cewa wuƙa ta fi bulala tasiri, ya yaba wa hikimar hedimasta, aka yi wa hedimasta ƙarin girma. Ita kuwa aka bar mata aikinta.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar 9 ga Maris 1968, aka yi jana'izarta a Likoro. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Inuwa, Fatsuma da Uwaisu. Bayan sadakar arba'in takardar ofishin ilimi ta iso, tana gode mata bisa hidimar shekara tara, daga 1956 zuwa 1968. Allah ya jiƙanta.