To Ɗin Auta

A shagon tabarau da ke ƙasan wani bene, tsakanin mai sayar da katifa da mai gyaran agogo, akwai wata budurwa da kowa ke kira Auta, har da Likita mai shagon, wanda ba shi ya haife ta ba. Ita ke goge gilasai, ita ke ɗora wa mutum firam a fuska ta ja da baya ta duba ko ya karkace, ita ke kashe fitilar ɗakin gwaji ta kunna allon haruffa. Hannunta na da laushi. Tsofaffi har cewa suke a bari ita ta sa musu, don ba ta tsokane wa mutum kunne. Shekarunta ashirin da 'yan kai, kuma in ka tambayi mutanen layin halinta, abu ɗaya za su faɗa maka: yarinyar nan ko takalmi ba ta saye sai ta yi shawara.

An ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya fara faɗin haka bai san Auta ba.

Ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, kuma tun tana ƙarama ba mai yawan magana ba ce. Amsarta ɗaya ce, "to". Sai dai to ɗin nan iri-iri ne, kuma mahaifiyarta, Inna, ita kaɗai ta iya karanta shi. In ta yanke shi gajere, ta yarda. In ta ja shi tana kallon ƙasa, ba ta so. In ta ɗaga ƙarshensa, jiran ƙarin bayani take. A shagon tufafi Inna takan ce, "A'a, wannan to ɗin na ƙi ne. Mayar da jar rigar, kawo shuɗiyar." Haka Auta ta girma ba ta taɓa buƙatar cewa ina so ko ba na so ba, tunda akwai mai fassara ta.

Inna ta rasu shekarar da Auta ta gama sakandare, bayan 'yar gajeriyar jinya. Daga nan to ɗin ya koma iri ɗaya, ba gajere ba, ba dogo ba. Mutane suka yi ta yaba haƙurinta, alhali ba haƙuri ba ne. Ba ma baƙin ciki ba ne, ai shi ana jinsa. Ita dai ta daina jin komai ne, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Za ta ci abinci ba ta san ko ya yi daɗi ba. Za a ba da labarin dariya ta jira ta ga ana yi, sannan ta buɗe baki ita ma. Da yake ba ta jin abin da take so, sai ta koma tambayar mutane me ya kamata ta so.

Tana tambayar Yaya, babbar yayarta, ta waya, ana jin kukan yara a bayan murya. Tana tambayar Goggo, ƙanwar babansu, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar. Tana tambayar abokiyar aikinta, wadda ake kira Rediyo saboda ba a kashe ta sai an tashi. Har mai gyaran agogo ta taɓa tambaya ko ya dace ta daina gaida wata ƙawa da ta daina gaida ita, ya ɗago da madubi a ido ɗaya ya ce, "Ni da agogo na saba, shi in ya tsaya na san dalili." Mutane kuwa ba abin da suke so irin a nemi shawararsu. Kowa ya gyara zama ya zuba mata, ita kuma ta ce to, ta tafi wurin na gaba.

Akwai kuma Malam. Malamin lissafi ne a wata makaranta, dogo, mai alli a hannun riga. Tabarau ya zo yi, daga nan ƙusar tabaran ta riƙa kwancewa kowane mako, ita kuwa Auta tana ɗaure ƙusar da ba ta kwance ba. Rediyo ce ta gaya mata ma'anar haka. Goggo ta bincika ta ce mutumin kirki ne, Yaya ta ce ta saurare shi, sai ta saurare shi. Yakan zo ƙofar gida da yamma ya zauna a benci ya yi ta magana, tana kallon takalminsa. Ba ta ƙi shi ba. Ko tana son sa, wannan ta tambayi Rediyo, Rediyo ta ce da alama.

Wata safiya Likita ya kira ta ɗakin gwaji. Dattijo ne mai gajeren zance. Ya ce kamfanin da ke kawo musu gilasai ya ba shagon gurbi ɗaya a makarantar koyon aikin ido da ke wani gari, karatun shekara biyu, wurin kwana da komai a kansu. Ba kullum suke ba da irin wannan ba, tun da ya buɗe shago wannan ne na biyu. Suna son suna kafin ƙarshen wata.

"Ke na fara tunawa," in ji shi. "Kin fi ni iya karanta fuskar mutum in gilashi bai yi masa ba. Ki je ki yi tunani."

"To," in ji Auta.

Tunanin Auta kuwa a bakin mutane yake. Ta fara da Yaya.

"Ke Auta, tafiya kuma? Wa zai kula da Baba? Ni ina nan da yara sun yi min yawa. Amma dai karatu ne, ba a raina shi. Ke dai ki duba."

Goggo tana ninke wanki ta saurare ta har ƙarshe. "'Yar nan, taura biyu ba ta taunuwa. Ga mutum ya zo da gaskiyarsa, ke kina zancen shekara biyu. Namiji ba kujera ba ne da za ki ajiye ki dawo ki tarar. Makaranta kuwa ba inda za ta je."

Baba ya ce duk abin da ta ga ya fi, Allah ya yi albarka, ya mayar da kunnensa kan labarai. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta zo canza gilashi ta kama hannunta ta ce, "Tafi, ko da rarrafe ne." Rediyo ta ce in ita ce, da yanzu ta haɗa kaya, amma kuma irin Malam ba a samu a kan hanya, amma kuma ai ana soyayya ta waya, amma kuma waya ba amana. Auta ta tattara duka ta riƙa juya su a ka, a mota, a wurin wanke-wanke, a gaban injin yankan gilashi. Kowace magana ta yi mata daidai muddin mai ita na gabanta. Wata ya yi nisa ba ta kai wa Likita amsa ba.

Ranar wata Laraba shago ya cika. An kawo 'yan makaranta gwaji, wani dattijo na faɗa a kan an ba shi firam ɗin mata, wuta ta ɗauke ta dawo. Likita ya fito da sauri zai ɗauki akwatin gilasan gwaji, ya tarar da ita a kantar shagon.

"Auta, mutanen nan sun dame ni da kira. Na ga kamar hankalinki ba ya kan tafiyar nan, na kuma ji ana zancen aure. In haka ne ba laifi, sai in ba su sunan Rediyo."

"To," in ji Auta, tana neman rasit ɗin dattijon.

Abin da take nufi shi ne ta ji, za ta je ta tambaya. Da Inna na kusa, da ta ce wa Likita ya dakata, wannan ba na yarda ba ne. Likita dai ya ji to, kuma a wurinsa to ɗaya ne. Ya ɗauki akwatinsa ya koma ciki. Kafin a tashi Auta ta manta ma an yi maganar.

Ƙarshen mako Malam ya zo. Bai zauna a benci ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, abin da ta sha hana shi.

"Na ji labarin makarantar," ya ce. "A bakin Goggo na ji, ba a bakinki ba. Kin tambayi kowa a garin nan, ni ne kawai ba ki tambaya ba. Auta, ni ban san ko kina so na ba. Shekara guda ina zuwa nan, ban taɓa ganin kin yi murna da zuwana ba, ban kuma taɓa ganin kin ji haushi in ban zo ba. In karatun kike so ki tafi, ba zan tare miki hanya ba. Amma ba zan iya jiran wadda ban san ko za ta dawo wurina ba."

Ya tsaya. Jira yake ta ce kada ya tafi, ko ta yi fushi, ko ma ta zage shi.

"To," in ji Auta.

Ya gyaɗa kai ya mayar da tabaransa. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana, tana jiran ta ji zafi, don ta san nan wurin jin zafi ne. Zafin bai zo ba. Wani abu daban ne ya zo, ɗan ƙarami, har sai da ta zauna a bencin don ta gane shi. Sauƙi ne. Daga bayan sauƙin sai ta ga kanta a aji, da farar riga, tana kallon cikin idon mutum ta na'urar nan da Likita ba ya bari kowa ya taɓa. Tana so. Rabon da ta ji tana son wani abu tun Inna na da rai, har abin ya ba ta tsoro. Ta ɗauko waya za ta kira Yaya, sai ta ajiye, don ba ta da abin tambaya.

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa. Ta share, ta goge madubai, ta jera firam. Likita na shigowa ta bi shi ɗakin gwaji tun bai ajiye jaka ba.

"Likita, ina so. Makarantar. Zan je."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Wace makarantar? Ai na ba su sunan Rediyo tun ranar Laraba. Na tambaye ki a kanta, kika ce to."

"Ba wannan to ɗin ba ne."

"To wanne ne?"

Likita ya zauna a kujerar marasa lafiya, inda ba ya zama, ya shafa fuska.

"Kayya, 'yata. Da kin ce min ko uffan. Yanzu na riga na gaya mata, ta gaya wa mutanen gidansu. Ni ba zan iya ƙwacewa ba. Sai dai in ita ta bari da kanta."

Auta ta koma kanta ta tsaya. Can sai ga Rediyo ta faɗo shagon, muryarta ta riga ta shigowa. Ta rungume Auta ta baya tana cewa Likita ya hana ta faɗa sai an tabbatar, jiya aka kira ta, mamarta har kuka ta yi, ta kira dangi kaf, ƙannenta sun fara rabon gadonta da katifa tun ba ta tafi ba. Ta ce ita fa ba wanda ya taɓa zaɓenta a komai, ko a aji ba a taɓa ba ta riƙon allo ba. Tana cikin zuba sai ta lura da fuskar Auta, ta katse zancen, abin da ba a saba gani ba.

"Ke, tsaya. Likita ya ce ke kika bar min. Da gaske ba kya so? Ki faɗa min tsakani da Allah. In kina so, wallahi yanzu zan shiga in ce ya kira su. Naki ne tun farko."

Kuma za ta yi, Auta ta san halinta. Za ta shiga, ta fito tana dariya, ta je gida ta gaya wa mamarta an fasa.

Auta ta waiga. Likita na ciki ya rufe ƙofa. Mai agogo bai buɗe ba tukuna. Wayarta na cikin jaka a ƙarƙashin kanta. Son abin na nan a ƙirjinta, sabo, yana ci kamar yunwa, kuma ga Rediyo a gabanta ta damƙe mata hannu, idonta ya cika da tsoron amsar da ta roƙa.

"Ba na so," in ji Auta. "Ki je ki yi karatunki."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Rediyo ta saki ajiyar zuciya ta sake rungume ta, ta ci gaba daga inda ta tsaya, zancen jaka da takalmi da ko garin na da sanyi. Auta ta ce ta sayi jaka babba. Sannan ta ɗauki gilasan da za a yanka ta shiga ɗakin baya, ta kunna injin, ta fara yanka, sai ta lalata na farko.