Sunan da Dada Joda Ba Ta Faɗa Ba

Malam Jaji shi ne malamin aikin hannu a firamaren da nake koyarwa a Herwagana, kuma tun ranar da masu kaki suka sauke shi daga mota a hanyar Dukku babu wanda ya sake sa shi a ido. A shekarun nan ne da bam ke tashi a tashoshin Gombe, lokacin da in jakar mutum ta cika girma sai kowa ya ja baya. Har yau muna nemansa, ni da mahaifiyarsa, Dada Joda. Ni Margaret nake, 'yar Kaltungo, aji huɗu nake koyarwa, kuma tebur ɗaya muka raba da shi a ofishin malamai. Zan faɗi yadda na san shi, tun kafin masu baki su gama mayar da shi abin da ba shi ba.

Sunansa na yanka Abdulmumini. Dogo ne siriri, bai kai talatin ba, maganarsa ƙasa-ƙasa har sai ka miƙa kunne. Ba gwamnati ce ta ɗauke shi aiki ba, iyayen yara ne ke haɗa masa ɗan abin da ya samu, don haka ba shi da katin shaida irin namu. Abin da yake da shi wata tsohuwar jaka ce da ba ya rabuwa da ita. A ciki akwai ƙananan wuƙaƙe, da ƙarafa masu lanƙwasa da yake gasawa a garwashi, da basilla, da siririyar wayar ɗinke ƙwarya, da gwangwanayen toka da alli. Zanen ƙwarya ya iya, kuma shi ne ciwonsa.

Na sha tsokanarsa a kan haka. Da an tashi tara, mu muna cin ƙosai muna gulmar hedimasta, shi kuwa ya hura kasko a gindin darbejiya, yara sun kewaye shi, hayaƙi yana tashi.

"An yi asarar kwaleji," nakan ce masa. "Namiji guda da takardarsa, ya ƙare a sana'ar tsofaffin matan ruga. Wace yarinya ce za ta aure ka da wannan ƙaurin?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Anti Magi, ke ma da ludayin roba za a ba ki fura a gidana."

Yakan fafe duma, ya kankare cikin tas, ya shanya, sannan ya ɗauko jan ƙarfe ya bi bayan ƙwaryar da shi a hankali. In ya gama ya goga toka da man shanu, sai zanen ya fito fari a kan baƙi. Kowane zane yana da suna a wurinsa: wannan ƙahon saniya, wancan hanyar rafi, wancan kuma kitson amarya. Yaran da ba sa iya zama minti biyar a ajina sukan yi tsit a gabansa har a buga ƙararrawa. Abin yakan ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Duk Asabar yana kan hanya. Ya je Kumo, ya je Bajoga, ya je Dadin Kowa, ya shiga rugagen da ko mashin ba ya kaiwa, yana neman tsofaffin da suka rage da zanen zamanin da. Wata Kirsimeti ma ya bi ni Kaltungo, ya wuni a gaban mamata tana nuna masa zanen gorunanmu, ya ci shinkafarmu, ya ƙi komawa sai da ta ba shi wata tsagaggiyar ƙwarya da muke zuba wa kaji tsaba. Da garin ya fara lalacewa, shingaye suka yi yawa, na ce masa ya zauna wuri ɗaya.

Ya ce, "Anti Magi, tsohuwar da na je wurinta a bara ta rasu, zane huɗu suka bi ta. Jikokinta duk bokitin roba suke kai nono da shi. In na jira a gama wannan masifar, wa zan tarar?"

Wata rana yana gasa ƙarfe ya ce mini abin da yake so a aikin nan shi ne ba a gogewa. Ya ce a allo ka rubuta da safe, da rana wani ya share, amma abin da ka ƙona a ƙwarya ya zauna ke nan, ko kuskure ne. Na ce masa ya bar falsafa ya miƙo mini ƙosai.

Gidansu a Barunde yake, ɗaki biyu, shi da Dada Joda. Ranar da na fara zuwa na ɗauka sun yi faɗa ne. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ta ajiye masa abinci daga nesa, ta ce da ni, "Ki ce wa ɗan Goggo ga tuwo nan." Ga shi zaune, ga ta tsaye, amma ni ce 'yar aike. A hanya na tambaye shi laifin da ya yi mata, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ɗan fari ne, kuma a wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Kunya ce. Tun da aka yaye shi aka ba ƙanwar babansa, Goggo, ita ta raine shi a ruga can wajen Dukku. Sai bayan rasuwar mahaifinsa ya ɗauko uwar ya kawo ta gari.

Na ce, "To mu a Kaltungo, uwa takan ƙwala wa ɗanta kira daga kan dutse har a ji a kasuwa."

Ya ce, "Ita ma tana kira. Ba ki ga naman da ta binne a ƙasan tuwon ba?"

Goggon ce ta kwanta ciwo, suka tafi duba ta, shi da Dada. A kasuwar Dukku suka shiga motar dawowa, ita tana can baya cikin mata, shi yana gaba kusa da direba, kamar yadda suka saba, babu mai cewa tare suke. Kwana kaɗan kafin nan bam ya tashi a wata tasha, don haka shingen shiga gari ya yi zafi. Aka ce maza su sauka, hannu sama, kowa ya buɗe kayansa. Aka zazzage jakar Jaji a kan kwalta: wuƙaƙe, waya, ƙarafa, gwangwanaye cike da gari. Aka nemi katin aiki, babu.

Litinin bai zo makaranta ba. Da aka tashi na hau Keke Napep zuwa Barunde, na tarar da Dada a tsakar gida, ko wuta ba ta hura ba. Ita ta ba ni sauran labarin da bakinta, da Hausarta mai nauyin Fillanci.

Ta ce an tambaye shi ko akwai wanda ya san shi a motar, ya yi shiru. Ba ya son a sauko da uwarsa a tsayar da ita hannu sama a gaban maza. Ita ce ta sauko da kanta. Mai kakin, wani saurayi ne daga nesa, Hausarsa a karye, idonsa ja don rashin barci, ya juya mata bakin bindiga.

"Mama, ka san wannan?"

"Na san shi."

"Shi wane ne naka?"

"Ɗan Goggo ne."

"Goggo yana ina? To mene ne sunansa?"

Nan Dada ta tsaya da ba ni labarin, ta murza bakin zanenta. Ta ce, "'Yata, sunan yana nan a wuyana. Wallahi yana nan. Na ɗaga kai, na ga maza cike da titi, na ga shi yana kallona, sai kaina ya sunkuya da kansa. Ban ƙi faɗa ba. Numfashi kawai na ja."

Numfashin nan ya isa. Mai kakin ya daka tsawa cewa tsohuwar ba ta san shi ba, rufa masa asiri take so ta yi. Aka tura ta mota, aka buga wa direba murfin gaba, shi kuma ya taka wuta don tsira da ransa. Sai da suka yi nisa sunan ya fito, ta faɗa wa gilashin baya. Matan da ke motar suka toshe mata baki, suna cewa za ta jawo musu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Dada, suna fa! Suna kawai! Kunyar me ake ji a gaban bindiga?" Ta tashi ta ɗebo mini ruwa a wata ƙwarya mai zanen hanyar rafi, na gane hannunsa. Ashe duk ƙoren da ya taɓa kawo mata, waɗanda ba ta taɓa yabawa a gabansa ba, suna jere a ƙarƙashin gadonta, kowace a nannaɗe da tsumma.

Washegari na je wurin hedimastanmu, Mista Ernest, na ce ya bi mu ya shaida malaminmu ne. Ya rufe ƙofa, ya rage murya, ya ce yana da 'ya'ya, ya ce wa ya san inda yaron nan yake zuwa duk Asabar. Mutumin da Jaji ya zana wa ƙwaryar bikin 'yarsa ke nan. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa hedimasta. Kafin mako ya ƙare an kwashe ƙoren yara daga tagar aji, an jefa kaskon bayan ban-ɗaki, darasin aikin hannu ya koma sharar fili. A Barunde maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta gidan Dada. A cocinmu ma wata ta ja ni gefe ta ce in kiyaye, ba a sanin cikin mutanen nan. Na ce mata ni na san cikin jakarsa, kuma toka ce.

Muka shiga yawo, ni da Dada. Shingen da aka kama shi an canza mutanen wurin, sababbin suka ce ba su san zancen ba. Wannan ofishi ya tura mu wancan, wancan ya ce mu dawo jibi. Wani ya ce an wuce da su wata jiha, wani ya ce mu duba ɗakin ajiye gawa. Mun duba. Na ga abin da ba na son tunawa, amma ba ya ciki, kuma ban san ko murna zan yi ba.

A duk inda muka tsaya, tun kafin a tambaye ta, Dada takan matsa gaba ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi. Sunansa Abdulmumini, ana ce masa Jaji." Ta faɗa wa mai gadi, ta faɗa wa direban Keke, ta faɗa wa mai sayar da ruwa a bakin ƙofa. Matar da ta yi shekara ashirin da wani abu tana kewaye sunan nan, yanzu ta rasa wanda zai tsaya ya saurara. 'Yan uwanta da suka zo daga ruga suka ji ta, suka sunkuyar da kai, suka ce Joda ta taɓu. Goggo kuwa ta rasu a daminar nan, ba a gaya mata ba.

Ni na gaji. Ina shiga aji, ina rubutu a allo, ina sharewa, ina karɓar albashi, kuma ban ga amfanin komai ba. A da nakan yi addu'a a sake shi. Yanzu roƙona a gaya mana inda yake kawai, ko a raye ko a mace, shi ma na fara cire rai.

Akwai wata doguwar katanga a bayan gari, mai waya a samanta, da ake raɗe-raɗin ana tsare mutane a ciki. Ba wanda ya tabbatar mana. Mata sukan taru daga tsallaken hanya da hantsi, kafin a kore su, kowace ta ɗaga murya ta kira nata, ko Allah zai sa a amsa. Ranar Asabar da ta wuce na raka Dada. Ta rame, zanenta yana zagaye ta sau biyu. Ta saurari sauran matan suna kira, sannan ta sa hannu biyu a baki, ta buɗe murya yadda ban taɓa zaton tana da ita ba.

"Abdulmumini! Jaji! Abdulmumini!"

Babu abin da ya dawo sai kukan wani injin wuta daga ciki. Ta sake kira har muryar ta dushe. Sai ta juyo ta kama hannuna, yatsunta sanyi ƙalau duk da ranar da ake yi.

Ta ce, "Magi, ke mai ilimi ce, ki gaya mini gaskiya. In yana ciki, in ya ji, zai gane ni ce? Bai taɓa jin sunansa a bakina ba."

Wani mai kaki ya taso daga ƙofa yana kaɗa mana hannu mu watse, na ja ta muka tsallaka neman Keke.