Birkin da Ladabi Ya Lalata

Innata ba ta shiri da warin fetur. Da ta shiga mota, kafin a fita daga Bebeji ta fara amai, sai an juyo da ita gida a galabaice. Saboda haka ta yi shekaru ba ta je Doguwa ba, inda yayarta take aure, ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu. Da aka aiko cewa jikin tsohuwar ya yi nauyi, sai Inna ta koma zama a bakin ƙofa tana kallon hanya. Abin ya dame ni ƙwarai.

Dalilin da ya sa na sayi motar lantarki ke nan, ta hannu, daga wani abokina a Kano. Babu fetur, babu hayaƙi, ina yi mata caji da solar gidanmu. Inna ta zagaya ta, ta leƙa ciki ta shinshina, ta ce to, in ruwa ya ɗan ɗauke za mu je.

Ni kuwa na ɗauki motar nan kamar amarya. Kullum da safe sai na wanke ta har tayoyi, sannan na shigar da ita rumfar da muke jibge buhunan takin zamani. Ga wani abin da nake taƙama da shi: in ka ɗaga ƙafa daga totur, da kanta take rage gudu, har ta mayar wa batir caji. Sai na daina taɓa birki gaba ɗaya. Ina tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, masu keke suna wuce ni.

Ana jibi tafiyarmu, na zo tsayawa a ƙofar gida, akuya ta gitta, na taka birki. Ƙurrr! Wallahi sai ka rantse injin markaɗe aka tayar a ƙarƙashina. Inna tana zaune a kan tabarma, ta ji komai.

"Wannan ce za ta kai ni Doguwa?" in ji ta. "Kai dai ka je ka gaishe min da yayata. Gara amai da wannan niƙan."

Na garzaya wurin bakaniken unguwarmu. Ya ɗaga murfin gaba, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ɗago a tsorace.

"Malam, ina injin? Ko sace shi aka yi?"

Da na yi masa bayani, sai ya ce ai duk abin da ke kuka mai yake nema, ya ɗauko galan ɗin baƙin mai zai tsiyaya a cikin tayar. Ni da ban san komai ba, na san ba a zuba wa birki mai. Na riƙe hannunsa, na ce Allah ya saka da alheri, na ja motata ina huci.

Washegari na lallaɓa zuwa Kwanar Dangora, wurin wani dattijon bakanike da aka ce ya taɓa aiki da irin waɗannan motoci a birni. Ya sa jak, ya cire taya, ya kira ni. Faifan ƙarfen da birki yake matsewa ya yi jawur da tsatsa. Ya duba ko tsakuwa ce ta maƙale, babu. Ya duba abin da ke matse faifan, ya ce ko cinyewa bai fara ba.

"Malam, yaya kake tuƙa ta?"

Na gyara tsayuwa, na zayyana masa wankin safe, da rumfar taki, da yadda nake yin mako ban taka birki ba. Ina jiran yabo. Mutumin nan ya zauna a kan tayar ya yi dariya har da hawaye.

"Ka jiƙa ƙarfe kullum, ka kwantar da shi kusa da taki, sannan ka hana shi aiki? Ai ladabinka ne ya yi mata yawa."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Ya goge faifan, ya shafa giris a ƙusoshin da birkin ke zamewa a kansu, ya mayar da tayoyi. Ya ce saura magani, na shiga na ja.

Muka samu miƙaƙƙiyar hanya wadda babu kowa. Ya ce na ba ta wuta. Na ba ta kaɗan. Ya ce kai, Malam, ba jana'iza za mu ba! Na ƙara. Ya ce na sa ta a firi don kada ta tsayar da kanta, sannan ya daka tsawa: "Taka!" Na taka, hulata ta faɗa kan gilashi. Muka yi haka wajen sau goma, ina salati yana cewa ƙara. Wani manomi ya bar fartanyarsa ya fito bakin titi, yana tambaya ko lafiya. A na ƙarshe motar ta tsaya cak, babu ko ƙis.

Ranar tafiyar, Inna ba ta yarda da bakina ba. Sai da na yi ta zuwa da dawowa a ƙofar gida ina taka birki, tana tsaye ta karkata kunne, maƙwabta suna kallo. Can ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da ƙullin daddawa.

Muka wuce Tudun Wada, muka hau hanyar Doguwa, ina satar kallonta ta madubi. Ba ta yi amai ba. Har gyaɗa ta ci.

Mun tarar da yayar tata a kwance a tsakar gida, ashe idanunta sun tafi, ba wanda ya gaya mana. Inna ta yi sallama. Tsohuwar ta ɗago kai, ta gane muryar nan take.

"Ke ce? Ban ji tsayuwar mota ba. Da ƙafa kika zo?"

Inna ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta durƙusa ta kama hannunta. Na fita waje na tsaya jikin katanga, don ni ma idona ya cika. Kwana uku muka yi a can, kuma ganinsu na ƙarshe ke nan.