Matar da Ta Hana Mu Rabin Iri

Kafin rana ta yi zafi Dona Eulália ta gama zagayen garkarta. Takan fara da ruwan wanke-wanken jiya, wanda take tacewa a tulu mai yashi da gawayi, ta bi gindin tumatir da barkono da shi, gwangwani-gwangwani. Albasarta na cikin tsohon kwamin awaki da ta ɗora kan sanduna saboda kaji. Ba ta ƙona komai. Ɓawon rogo, kashin awaki, ganyen da ya faɗo, duk ƙasa suke komawa. Daga nan sai ta leƙa ɗakin iri, inda wake da masara da 'ya'yan kabewa ke cikin kwalabe, an cakuɗa su da toka don ƙwari. Duk mai so takan ba shi, in ya girbe ya mayar. Haka muka taso muka gan ta a ƙauyenmu na jihar Paraíba. Yanzu gwiwa ta ƙi, 'yarta za ta tafi da ita birni. Ni ban yi nisa a karatu ba, abin da na gani shi zan faɗa.

Shekarun baya, mijina Anselmo ya rasu a watan Fabrairu. Ya bar ni da yara uku da garkar da ban san kanta ba, don shi ke aikinta, ni ɗinki nake yi. Bayan an binne shi, wansa Osvaldo ya ce zai dawo da mota lokacin bikin masara na watan Yuni. In ya tarar babu abinci a gidan, zai ɗauki manyan biyu a raba wa dangi. Ba da mugunta ya faɗa ba. Haka ake yi.

A wajenmu, in ruwa ya sauka ranar Waliyyi José a watan Maris, sai a ce damina ta zauna, kowa ya zuba duk irin da ya mallaka a ƙasa. Waccan shekarar ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gari ya taru a ƙofar Dona Eulália. Ta ba kowa rabin abin da ya nema, ta toshe kwalabenta.

"Iya, ƙaro mana," in ji maƙwabcinta Firmino. "Ko da kwalaben za a binne ki?"

"Da su da kai, in ba ka sauka daga kan kabewata ba."

"Waliyyi da kansa ya aiko ruwa. Ke kin fi shi sani ne?"

"José kafinta ne, Firmino. Ƙyauren ƙofa za ka tambaye shi. Wake kuwa, ni za ka tambaya."

Aka yi dariya, amma da haushinta aka watse. Har marowaciya aka kira ta a ƙofar coci, tana ji.

Ruwa ya ɗauke. Tsiro ya kai tsawon yatsa ya ƙone, nawa da na kowa. Waɗanda suka zuba irinsu duka suka wayi gari ba ko ƙwaya.

Wata safiya Dona Eulália ta shigo garkata tana dogara sanda, ta same ni zaune a ƙasa.

"Jandira, tashi. Hawaye ba ya jiƙa shuka."

"Iya, kwashe mini yaran za a yi."

"In ji wa? Osvaldo? Wanda ko barkono a gwangwani bai taɓa rayawa ba? Ɗauko fartanyar mijinki."

Ba ta ƙara wata ta'aziyya ba. Ta sa na haƙa ramuka, na zuba taki, na lulluɓe da busasshiyar ciyawa, muka jira. Da ruwa ya dawo a watan Afrilu, ta buɗe ɗakin iri ta raba sauran rabin. Firmino ya zo da hularsa a hannu, ta zuba masa a ciki. Nawa kuma ita ta kawo, masara mai saurin nuna. Ta nuna mini yadda ake haɗa su wuri ɗaya: masara ta zame wa wake abin hawa, kabewa ta shimfiɗa ganye ta rufe ƙasa kada ta bushe. Kullum sai ta leƙo ta katanga. In na zubar da ruwan wanki a banza, sai na ji, "Ke 'yar nan, kogi gare ki?"

Osvaldo ya zo a Yuni kamar yadda ya ce. Ya tarar yara na gasa masara a tsakar gida, wake na shanye a kan buhu. Ya shiga garkar, ya daɗe. Da ya fito sai ya ce, "Matar ƙanina, ba ki da wani buhun?" Ya tafi da kabewa a kujerar baya.

Dona Eulália, uwar iri, ke ce kika yarda gari ya zage ki don kada ya kwana da yunwa. Ke ce kika shigo gidan makoki da aiki, lokacin da kowa ke shigowa da magana. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, ke ma ba ki nema ba.

Ku da kuke da ɗan fili a gefen ɗaki, ku tone shi, ku ajiye iri, ku riƙa leƙa ta katanga ku ga halin da maƙwabci ke ciki.

Na gode, Iya. Allah Ya sauƙaƙa miki gwiwar nan. Anselmo bai dawo ba, amma yaransa uku a ɗakina suka girma.