Delbert da Bel ɗin da Ya Ƙi Zama

Duk wanda ya zauna a Orland Creek ya san Delbert Huisenga, domin kafin ya yi ritaya shi ne mai raba wasiƙun garin, kuma da ƙafa yake rabawa. A lokacin siriri ne kamar sillen kara, har karnukan unguwa suka daina bin sa don babu wurin cizo. Da ya ajiye jaka sai ya zauna, da ya zauna kuwa sai matarsa Arlys ta samu wanda za ta riƙa gwada hannunta a kansa. Arlys ce gwanar kek ɗin tuffa a cocinsu, ba ta da ta biyu. Abin da ya biyo baya, wandunan Del ne shaida.

Aiki ɗaya ya rage masa a duniya: ciyawar ƙofar gida. A nan jihar Iowa ana yafe wa mutum abubuwa da yawa, amma ba a yafe masa ciyawa ta wuce idon sawu. Del yana yanke tasa da wata 'yar tarakta da ya gada daga mahaifinsa, fentinta ya koɗe, kujerarta duk salatif. A kanta ya fara riƙe sitiyari yana zaune a cinyar tsohon, don haka duk wanda ya ce ta tsufa, amsa ɗaya yake samu: da tsohuwar zuma ake magani.

Sai bana bel ya tsiro da tsiya. Bel ɗin nan shi ke ɗauko ƙarfin inji ya kai wa wuƙaƙen da ke juyawa cikin kaskon ƙarfe a ƙarƙashin taraktar. Del zai hau, ya ɗan zagaya, sai ka ji fat! Bel ya fice daga fayafan da yake bi, wani lokacin ma ya tsinke. Ya sayo sabo, ya fice. Ya sayo wani mai tsada, shi ma ya bi sawun ɗan'uwansa. Ya zagi masu ƙera bel na zamanin yanzu tun daga kansu har kakanninsu. Ciyawa kuwa ba ruwanta, tana ta tsawo, har matar gidan da ke kallon nasu ta aiko a tambaya ko Del ba shi da lafiya ne.

Wannan tambayar ce ta ƙure haƙurin Arlys.

"Del, ka ji ni da kyau. Idan bikin 'yancin kai ya zo ƙofar gidana tana nan kamar makiyaya, Trent zai zo da sabuwar motarsa ta yankan ciyawa ya riƙa yanke mana. Wannan gwangwanin kuma 'yan gwangwan su kwashe."

Trent mijin 'yarsu ne, yaro mai ladabi, amma motarsa tana juyawa a wuri ɗaya kuma har da wurin ajiye kofi gare ta. Del ya gwammace ya yanke ciyawar da almakashi.

A garinmu in namiji ya buɗe ƙofar gareji ya kwanta ƙarƙashin inji, ba sai ya kira kowa ba. Merle Tjaden, tsohon manomi busasshe, ya tsallako daga maƙwabta hannu cikin aljihu. Vern Oltmanns, wanda ya tuƙa motar 'yan makaranta har kansa ya yi fari, ya biyo baya. Vern ya ce sifirin da ke ɗame bel ne ya saki, aka canza. Ya ce ciyawa ce ta cushe, aka kankare kaskon tas. Ya ce Del ne ke ɗaura bel ɗin a baibai, suka yi musu har kofi ya huce. Merle dai ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ya ga kaskon ya karkace ta hagu, fayafan ba sa kan layi. Ya sa dogon ƙarfe ya miƙe shi, ya ɗaga ƙafa ya tsallake kaskon ya haye taraktar, ya zagaya gidan lafiya lau.

"Shi ke nan! Sauko, mutumina, ba wa mai ita wuri," in ji Del.

To, gwiwar Del ta hagu ta daɗe da daina ɗaguwa sosai. Ba tare da ya lura ba, ya mai da kaskon matakala. Ya ɗora ƙafa, ya tattara dukan abin da kek ɗin Arlys ya gina, ya yunƙura. Kaskon ya yi wani ɗan kuka, ƙiii, ya sunkuya ta hagu. Del bai ji ba, nishinsa ya rufe. Merle da Vern sun ji, sun kuma gani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Merle ya ɗaga kai sama. "Kamar za a yi ruwa."

"Ana buƙatarsa kuwa," in ji Vern.

Fat!

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan. Za su ba ka aron motarsu, su kwashe maka dusar ƙanƙara tun ba ka tashi barci ba, amma a ce wa mutum ya yi ƙiba, gara a mutu. Haka aka yi ta yi: Merle ya miƙe, Del ya lanƙwasa, bel ya fice, a koma zancen ruwan sama. Merle ya gwada gugar zana, ya ce ƙarfe ma yana da iyakar abin da yake ɗauka. Del ya ce ƙarfen zamanin da ba irin na yanzu ba ne. Vern ya ɗauki wata hanyar ta sadaukar da kai: duk lokacin da Arlys ta fito da kek, sai ya yi wuf ya cinye har rabon Del. Del ya ƙullace shi, ya gaya wa matarsa a ɓoye cewa Vern ya zama acici. Vern kuwa ya fara barin maɓallin wandonsa a buɗe.

Ana gobe biki da safe, Arlys tana wanke-wanke ta hango komai ta taga. Ta fito da kumfa a hannu.

"Del, sauko. Merle, miƙe shi. To, Del, sake hawa, amma ka riƙe numfashinka."

Ya riƙe. Ƙiii.

"Ka ji? Ba bel ba ne, ba sifirin ba ne. Kai ne."

Del ya dubi ƙafarsa a kan kaskon, ya dubi cikinsa, ya juya ga abokansa. "Kun sani?"

Merle ya sosa ƙeya. "To, ba za a ce mun sani ba. Ba kuma za a ce ba mu sani ba."

"Ni fa na yi iya ƙoƙarina," in ji Vern, yana shafa tumbi.

Kunya ta kama Del, amma baƙin cikin ya fi kunyar. Laifi tudu ne: ya zagi kowa da komai, ashe shi ne ke tattake abin da ubansa ya bar masa. Idonsa ya kawo ruwa. Arlys ma jikinta ya yi sanyi, don ta san hannun wa ke cikin wannan nauyin. Sannan Del ya yi tambayar da ta fi damun sa, cikin ƙaramar murya.

"Wato kek ya ƙare ke nan?"

Arlys ta shiga gida. Ta dawo ɗauke da ɗan tsanin da take hawa ta ɗauko tukwane daga saman kanta, ta dasa shi gefen taraktar. Del ya hau tsani, ya tsallake kaskon, ya sauka a kujera kamar yadda ake sauke buhu. Ta ɗauke tsaninta ta koma. Aka tada inji. Bel ya zauna daram, kamar bai taɓa yin laifi ba.

Kafin azahar ƙofar gida ta yi sumul. Del ya kashe inji a tsakiyar fili, ya miƙa ƙafa zai sauka, sai ya ga kaskon, ya janye ƙafar a hankali. Ya kira Arlys, shiru. Masu wucewa suka yi ta ɗaga masa hannu, shi ma yana ɗaga musu. Trent ya iso da motarsa a tirela, ya tarar babu abin yanka.

"Baba, in kama ka ka sauko?"

"Wa ya ce maka saukowa nake son yi? Ciyawata nake kallo."

Sai da rana ta gasa masa ƙeya sannan Arlys ta fito da tsani a kafaɗa, ta tsaya inda hannunsa ba ya kaiwa.

"Tsanin nan nawa ne, a kicin yake kwana. Kullum da yamma za ka taka da ni har ƙarshen titi mu dawo. Kek kuma sai Lahadi. Ka yarda, ko in kawo maka bargo nan?"

"Yanka nawa ranar Lahadin?"

"Del."

"Na yarda."

Ta dasa tsanin. Ya juyo da baya yana laluben matakala da ƙafa, tsanin yana rawa, sai ya ɗora hannu a kafaɗarta ya saki nauyinsa.

"Wayyo, zan karya ki!"

"Sauko, tsoho," in ji ta. "Ni ba kasko ba ce."